Fitilun LED na cikin silin: iri huɗu da ke kasuwa da wanda ya dace da falo

Duk shagon kayan wuta da ka shiga, a Sabon Gari ta Kano ne ko a Alaba ta Legas inda yawancin kayan ke fitowa, za ka tarar da allo an jera fitilun silin a kai, duk a kunne. Mai shago abu biyu zai tambaye ka: wat nawa kake so, kuma fara ko mai ruwan ɗorawa? Da waɗannan tambayoyi biyu ake sayar da mafi yawan fitilun da ke cikin faluka, shi ya sa ake samun falo mai kashe ido kamar ɗakin tiyata, ko kuma wanda cikin shekara guda rabin fitilunsa sun mutu, sauran suna ƙiftawa. Wat ba haske ba ne, wutar da fitila ke ci ce kawai. Abin da ke yanke hukunci a kan ko fitila za ta daɗe kuwa yana bayanta, inda allon shago ba ya nunawa.

Iri huɗu ne suka cika kasuwa, kowanne da halinsa.

Na farko shi ne faifan nan siriri, zagayayye ko mai kusurwa huɗu, wanda masu aikin POP suka fi sani. Kaurinsa bai wuce santimita 2 ba, yana zuwa da wat 3, 6, 12, 18 ko 24, kuma direbansa, wato ɗan akwatin da ke daidaita wutar da ke shiga fitilar, wanda masu wayarin ke kira cok, a ware yake, an haɗa su da 'yar gajeriyar waya. Ƙwayoyin hasken a gefen da'irar aka jera su, suna harba haske cikin wani farantin roba, farantin ya watso shi ƙasa. Arha ne, ana samunsa ko'ina, yana shiga silin da ba shi da zurfi, kuma idan direba ya mutu ana canza shi ba tare da an taɓa fitilar ba. Aibinsa uku ne. Fuskarsa duka a waje take, daidai da silin, don haka duk inda ka zauna a falon tana cikin idonka. Farantin robar da ke cikin masu arha yakan koma ruwan ɗorawa daga tsakiya idan zafi ya daɗe yana dukansa, hasken ya ragu, launin ya gurɓace. Sannan wat ɗin da aka rubuta a kwali sau da yawa ya fi wanda fitilar ke ci da gaske. Ga baranda, kicin, sito da hanyar wucewa ba shi da laifi. A falo kuwa, shi ne zaɓi na ƙarshe.

Na biyu shi ne na manyan kamfanoni mai haɗe da komai a jiki ɗaya, irin Philips Meson da takwarorinsa na Opple ko Ledvance. Ƙwayoyin hasken a baya suke, suna kallon ƙasa kai tsaye ta cikin farin murfi, direban kuma a cikin jikin fitilar yake. Abin da ya fi burgewa a nan shi ne gaskiyar rubutu: idan na ainihi ne, lumen ɗin da ke kwali, wato ma'aunin yawan hasken, shi za ka samu, kuma guda goma da ka saya launinsu zai zo ɗaya. Amma a duba abu biyu kafin a biya. Yawancinsu an ƙera su ne don bolt 220 zuwa 240, ba su da haƙurin wutar da ke faɗuwa ƙasa sosai. Kuma ranar da direba ya mutu, fitilar gaba ɗaya ta tafi. Sai ka koma kasuwa neman irinta, mai girman rami ɗaya da launi ɗaya, wataƙila kamfanin ma ya daina yin wannan samfuri. Ga gidan da ke kan inbata ko sola, inda wuta a tsaye take, zaɓi ne mai kyau. Jabu kuma ya yi yawa, musamman da sunan Philips. Wanda ya riƙe na gaske da na jabu a hannu ɗaya zai ji bambancin nauyi, ya ga bambancin tsabtar rubutun da ke bayan fitilar da ƙarfin sifirin da ke maƙale ta a silin. Farashin da ya faɗi ƙasa da na sauran shaguna da yawa shi ma shaida ne.

Na uku shi ne mazubi mai ƙwan GU10. Nan abu biyu kake saya: zoben ƙarfe da ke maƙale a silin, da ƙwan fitila mai faɗin milimita 50 mai ƙafafu biyu, wanda ake turawa a murɗa kaɗan ya kama. Ƙwan yana shan wutar gida kai tsaye, ba ya neman taransfoma. Kada a rikita shi da GU5.3 mai siraran allurai biyu, wanda yawancinsa bolt 12 yake sha, dole sai da taransfoma. Ƙwan GU10 na wat 5 yakan ba da lumen 350 zuwa 450, daidai da tsohon halojin na wat 50. Hasken ba shi da yawa a guda ɗaya, shi ne rauninsa, ana bukatar adadi. Ƙarfinsa kuwa shi ne idan ya mutu kowa na iya hawa kujera ya canza shi cikin minti biyu, ba a kiran mai wayarin, ba a fasa gefen POP. Idan launin bai yi maka ba, ƙwai za ka canza. Idan kana son kusurwar haske ta faɗaɗa, ƙwai za ka canza. Zoben kuma akwai mai karkatawa, ana juya shi wajen bango ko labule.

Na huɗu shi ne mai zurfi, wanda ƙwayar haskensa guda ɗaya ce babba, irin da ake rubuta wa COB, tana can ciki kamar santimita 3 zuwa 5, da mazurari baƙi ko fari ko ruwan zinariya a gabanta, da ƙarfen alminiyam mai haƙarƙari a baya don fitar da zafi. Shi ne ya fi kowanne daɗin zama a ƙarƙashinsa, domin kana ganin hasken a ƙasa da bango amma ba ka ganin tushensa sai ka tsaya daidai ƙarƙashi ka ɗaga kai. Direbansa a ware yake. Ya fi tsada, kuma yana neman zurfin silin, santimita 8 zuwa 10 aƙalla.

A ganinmu, falon gidan da ke shan wutar NEPA da janareto ya fi dacewa da na uku ko na huɗu. Dalilin ba kyau kaɗai ba ne.

Abin da ke mutuwa

Ƙwayar LED da wuya ta mutu da kanta. A hankali take dusashewa. Awa 15,000 ko 25,000 da ake rubutawa a kwali yawanci na nufin lokacin da hasken zai ragu zuwa kashi 70 cikin ɗari, kuma an auna shi ne a ɗaki mai sanyi, kusan digiri 25. Awa 15,000, idan ana kunna fitila awa shida kullum, ya kusa shekara bakwai. To me ya sa ake ganin sun mutu cikin watanni? Direba ne. A cikinsa akwai wata 'yar na'ura da ake kira kafasita, mai ruwa-ruwa a ciki, zafi na busar da ita. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba rayuwar wannan kafasita biyu. Yanzu ka tuna inda direban yake kwance: tsakanin POP da rufin kwano, a watan Afrilu, lokacin da inuwa ma ta haura digiri 40. Cikin rufin ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Shi ya sa fitila iri ɗaya takan daɗe a falon ƙasa da ke ƙarƙashin rufin kankare, ta mutu da wuri a bene na sama da ke ƙarƙashin kwano. Alamar kafasita ta fara gajiya ita ce ƙiftawa, ko fitila ta yi jinkirin kamawa, ko ta riƙa kawowa tana ɗaukewa kamar sigina.

Na biyu a kisa shi ne hawa da saukar wuta. Wutar ƙasar nan bolt 230 ce a takarda, amma a unguwanni da yawa da magariba takan sauka ƙasa sosai, sannan idan aka dawo da ita bayan ɗaukewa takan zo da ƙarfi. Don haka layin da ya fi kowanne muhimmanci a jikin direba shi ne wanda ke nuna iyakar wutar da yake karɓa. Idan an rubuta 85 zuwa 265, ko 100 zuwa 265, zai riƙe haskensa ko wuta ta zo rabi. Idan 220 zuwa 240 ne, zai dusashe ko ya yi ta ƙiftawa. Akwai kuma wani iri mafi arha wanda ba shi da direba na gaske. An manna 'yan kayan a kan farantin ƙwayoyin hasken, wuta na shiga kai tsaye. Shi ne ya fi saurin ƙonewa idan ƙaramin janareto marar na'urar daidaita wuta ya yi tsalle, kuma shi ne ya fi kaɗa haske.

Kaɗawar nan ido ba ya kama ta kai tsaye, domin sau 100 take yi a daƙiƙa, ninki biyu na bugun wutarmu mai 50. Amma tana gajiyar da ido, wasu tana sa musu ciwon kai, kuma tana ɓata hoton bidiyo. Gwajinta a shago ba wuya: buɗe kyamarar waya, ka sa ta a kan ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya, ka nuna wa fitilar. Idan ka ga baƙaƙen layuka suna gudu ko hasken yana bugawa, ajiye ta.

Babu direban da zai tsira idan wayar nutural ta tsinke a layi mai fes uku, domin a lokacin wuta na iya hawa ta doshi bolt 400 a wani sashe na gidan. Maganin wannan ba a fitila yake ba, a akwatin rarraba wuta yake. Akwai 'yar na'ura mai nuna lamba da ake ɗaurawa kusa da babban bireka, a saita mata iyaka, misali ta yanke idan wuta ta haura 250 ko ta faɗi ƙasa da 170, ta kuma jira 'yan daƙiƙoƙi kafin ta mayar. Kuɗinta bai kai na cika falo da fitilu sau biyu ba, kuma talabijin da firji ma suna cin moriyarta.

Idan direba ya mutu, ba wat kaɗai ake dubawa wajen sayen wani ba. A jikinsa akwai lambobi biyu na wutar da yake fitarwa: miliamfiya, wato yawan wutar da yake turawa, da iyakar bolt. Faifan nan masu arha da yawa miliamfiya 300 suke sha, wasu 240 ko 280, manyan COB kuma kan kai 350 ko 700. Dole miliamfiyar sabon ta yi daidai da ta tsohon ko ta gaza kaɗan. Aka sa wanda ya fi, fitilar za ta yi haske fiye da da, mai gida ya yi murna, cikin 'yan makonni ƙwayoyin su ƙone. Hanya mafi sauƙi ita ce a tafi kasuwa da mataccen a aljihu.

Nawa ake bukata

A bar wat, a nemi lumen. Tsohon ƙwai mai zare na wat 60 lumen 800 yake bayarwa, wannan ma'auni ne mai kyau na riƙewa a ka. Fitilar silin ta kirki tana ba da lumen 80 zuwa 110 a kowane wat. Kwalin da ya ce wat 6 amma lumen 1,200, a kan kayan arha, ƙarya yake yi. Kwalin da bai rubuta lumen ba sam, ya riga ya gaya maka irin kamfanin da ya yi shi.

Falo na son laks 100 zuwa 150 na zaman hira da kallo, wato lumen 100 zuwa 150 a kan kowace murabba'in mita. Wurin karatu na son 300 ko fiye, amma wannan da fitilar tsaye ko ta gefe ake yinsa, ba da ƙara wa silin ramuka ba. Ɗauki falo mai mita 4 da mita 5, murabba'in mita 20 ke nan. A ninka da 150, an sami lumen 3,000. Sai dai ba duk hasken da ya fito ke isa inda ake so ba: bango da labule da kafet suna shanye wani, ƙurar hunturu da tsufa suna rage wani. A raba da 0.6, ya zama lumen 5,000. Wannan shi ne fitila takwas masu lumen 600 zuwa 650, wato wat 7 kowace, jimilla wat 56. Da GU10 ne, sai goma sha biyu. Idan fentin falon mai duhu ne, ko labulen masu kauri ne sun rufe bango biyu, a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu. Idan akwai fitilar ado a tsakiya ko igiyar haske a ɓoye cikin lungun POP, a cire nasu lumen ɗin daga lissafin. Yawancin faluka da ke kashe ido an sa musu faifan wat 18 guda takwas ko goma, ninki biyu na abin da suke bukata ko fiye.

Ga mai inbata akwai ƙarin lamba ɗaya, wadda ake rubuta wa PF; idan ta yi ƙasa, nauyin fitila a kan inbata yakan ƙaru. Ƙananan direbobi masu arha kan tsaya wajen 0.5, masu kyau 0.9. Fitilun nan takwas masu wat 56, idan PF ɗinsu 0.5 ne, inbata za ta ɗauke su a matsayin nauyin VA 112, a ma'aunin da ake auna ƙarfin inbata da shi, ninki biyu ke nan. A falo ɗaya ba wani abu ba ne, amma gida mai fitila hamsin ya kamata a lissafa. Inbatar da wutarta ba tsantsa ba ce kuma, wato wadda ba "pure sine wave" ba, takan sa direbobi su riƙa ƙara kamar sauro.

Kusurwar haske ita ce abin da kusan ba wanda ke tambaya. Daga silin mai tsawon mita 3, fitila mai digiri 24 tana zana da'irar da faɗinta ya kai mita 1.3 a ƙasa, mai digiri 36 kusan mita 2, mai digiri 60 kusan mita 3.5. Faifai da irin su Meson kan wuce digiri 100, suna watsawa ko'ina. Wanda ya cika falo da masu digiri 24 zai sami tabo-tabon haske a ƙasa da duhu a tsakaninsu, fuskokin mutane kuma a inuwa. Don hasken gaba ɗaya a nemi digiri 60; masu 24 da 36 na haska hoto ne, ko allon rubutun ayoyi a bango, ko kabad ɗin kwanuka.

Inda za a huda

A falon nan mai mita 4 da 5, layi biyu ne a tsawon ɗakin, huɗu-huɗu. Ta farko da ta ƙarshe su bar santimita 70 daga bangon ƙarshe, tsakanin kowace biyu mita 1.2. Kowane layi ya bar santimita 80 zuwa 100 daga bangon gefe. Wannan tazara tana da dalili a irin zamanmu, inda kujeru ke jingine da bango a zagaye. Kan wanda ke zaune yana kamar santimita 40 daga bango. Fitilar da aka sa daidai nan za ta sauko masa a tsakar ka, ta cika masa kwarmin ido da ƙarƙashin hanci da inuwa, baƙo ya yi kama da marar lafiya. A santimita 90 kuwa hasken a cinya yake sauka, inda littafi ko faranti yake. Masu POP sukan huda ramuka a tsakiyar faffaɗan gefen da suka zana, ko'ina ya faɗa, don ya yi kyau a ido. Gara a zana wurin fitilu tukuna, sannan a zana adon silin a kansu.

Bayan wurin kujeru, abu na biyu da za a duba shi ne fankar sama. Fanka mai inci 56 tana share da'irar mita 1.4, wato santimita 70 kowane gefe. Duk fitilar da haskenta ke ratsa fukafukan za ta sa ɗakin ya riƙa walƙiya muddin fankar na juyawa, kuma ba gyara sai toshe rami. A bar aƙalla rabin mita tsakanin bakin fiffike da fitila. A lissafin da ke sama, idan fankar na tsakiyar ɗakin kuma layukan sun bar santimita 90 daga bango, haka ya fito. Mai faɗin kusurwa ta fi shiga wannan matsala fiye da mai zurfi.

Na uku talabijin. Fitilar da ke bayan mai kallo tana fitowa a gilashin, musamman faifai. Kafin a huda, mutum ɗaya ya zauna inda kujera za ta kasance, wani ya riƙe tocila a wurin da aka yi alama, a duba madubi ko gilashi da aka jingina a wurin talabijin. Tayil mai sheƙi ma yana mayar da kowace fitila, ta zama biyu. A irin wannan falo mai zurfi ce kawai ke da daɗi.

Launi

A nan ne aka fi gardama. Mutane da yawa sun fi son fara tas, mai kelbin 6,500 a ma'aunin launin haske, suna cewa ta fi haske kuma ta fi sanyi. Zafin da fitila ke fitarwa wat ne ke kawo shi, ba launi ba, kuma bambancin lumen tsakanin fara da mai ɗumi, wato mai ruwan ɗorawa, a samfuri ɗaya kaɗan ne. Abin da 6,500 ke yi shi ne ta sa fata ta yi toka-toka, ta kashe jan kafet da ruwan zinariyar labule, ta mai da falo kamar kantin magani. Kelbin 3,000 ita ce ta falon da kayansa ruwan ƙasa ne, ko ruwan madara, ko ja, ko katako. Kelbin 4,000 ta dace da falo mai fari da ruwan toka, kuma ita ce sulhu idan mai gida na son fara, uwargida na son mai ɗumi. Kelbin 2,700 takan yi ja da yawa a kan fenti mai ruwan ɗorawa.

Bayan kelbin akwai lambar CRI ko Ra, mai nuna yadda fitila ke fito da launin abu na gaskiya. 80 ita ce mafi ƙaranci da za a karɓa, 90 ita ake so a falo. Bambancin ya fi fitowa a launin ja da fatar mutum, domin ja ne LED mai arha ta fi gazawa a kai. A shago, sa tafin hannunka da wani ƙyalle mai ja, ko hular da ke kanka, ƙarƙashin fitilu biyu masu kelbin ɗaya. Wadda jan ya koma kamar ruwan hanta a ƙarƙashinta, bar ta. Mai CRI 90 takan ɗan gaza a lumen, ba komai.

Fitilar nan mai launi uku, wadda ke canzawa duk lokacin da aka kashe aka kunna, tana da farin jini, amma ba ta dace da wutarmu ba. Da wuta ta ɗan ƙifta, ko aka juya daga NEPA zuwa janareto, wasu za su tsallaka launi na gaba wasu su tsaya, sai ka ga silin ɗaya rabi fari rabi ja. Wasu samfuran suna komawa daidai idan aka kashe na ɗan lokaci, amma wa ke son wannan aiki kullum? Wadda ke da ɗan makunnin zaɓen launi a bayanta, a saita sau ɗaya kafin a ɗaura, ba ta da wannan matsala.

A sayi duka a rana ɗaya, daga kwali ɗaya, a ƙara biyu ko uku na ajiya. Kelbin 3,000 na wannan kamfani ba lalle ya yi daidai da 3,000 na wancan ba, kai ko kamfani ɗaya ma zubin bana kan bambanta da na bara.

Wajen ɗaurawa

Kada a huda rami sai fitilar tana hannu. Faɗin fuska daban, faɗin rami daban, kuma na ramin a kwali yake. Zoben GU10 yawanci milimita 68 zuwa 75 yake so. A yi amfani da zarton da'ira da ake ɗaura wa na'urar huji. Ramin da aka yanka da wuƙa ko guntun zarto ba ya zagayuwa, haske ya riƙa tsiyaya ta gefe, ƙwari da ƙura su riƙa zubowa. A tabbatar ba katako ko ƙarfen rataya a saman wurin, ta hanyar huda ɗan ƙaramin rami a zura lanƙwasasshiyar waya a juya. POP ya bushe sarai, a gama fenti, sannan a sa fitila. Danshi na sa sifirin tsatsa, tsatsar ta ɓullo a farin silin. Sifirin kuma yana da ƙarfi, duk cirewa da mayarwa yana ɓantarar bakin ramin, wanda shi ne wani dalilin fifita irin da ake canza ƙwai daga ƙasa.

Waya mai milimita 1.5 ta tagulla zalla ta isa, a kan bireka mai amfiya 6 ko 10. Wayoyin gida irin su Coleman, Cutix da Nigerchin sun yi suna, amma su ma ana kwaikwayonsu. A kankare bakin wayar, idan cikin ya yi fari, alminiyam ne aka shafa wa tagulla. Haɗin waya a yi shi da kanekta mai dunƙule ko mai maƙalewa irin Wago. Murɗawa a naɗe da salatif shi ne abin da aka saba, kuma zafin cikin rufi na saki gam ɗin, haɗin ya yi sako-sako, ya fara tartsatsi kusa da busasshen katako. Direba kada a ɗora shi a bayan fitilar, inda zafinta ke fita. A ajiye shi gefe, tazarar tafin hannu. Idan an shimfiɗa abin tare zafi a cikin rufin, a buɗe wa kowace fitila fili, sai dai in kwalinta ya ce ana iya rufe ta.

Makunni dole ya yanke waya mai wuta, ja a tsohon tsari, ruwan ƙasa a sabo. Idan aka sa shi a kan nutural, fitilun za su riƙa ɗan haske-haske ko ƙiftawa bayan an kashe, kuma mai canza ƙwai na iya shan wuta alhali yana ganin a kashe take. Makunni mai ɗan jan haske a jikinsa ma yana jawo irin wannan ƙyalli.

Batun rage haske: fitilar da ba a rubuta mata cewa tana karɓar dima ba, wato makunnin rage haske, kada a sa mata, kuma ragiletar fanka ba dima ba ce, tana kashe direba. Ko wadda ke karɓa, sai da dima da aka yi don LED, kuma a wutar da ke hawa da sauka takan yi rawa. Abin da ya fi arha ya kuma fi aminci shi ne raba fitilun a makunni biyu ko uku tun wajen wayarin: huɗun kusurwa a ɗaya, huɗun tsakiya a ɗaya, igiyar lungun POP ko fitilar ado a na uku. Da rana ko lokacin kallo a kunna rabi, baƙi sun zo a kunna duka, batirin inbata ya yi ƙasa a bar layi ɗaya. Layin da ke gefen talabijin ya fi kyau ya sami makunninsa shi kaɗai.

Lambar IP, mai nuna kariyar fitila daga ƙura da ruwa, IP20 ta wadatar a falo. IP44 da IP65 na banɗaki da baranda ne, ba sai an biya kuɗinsu a nan ba. Sai dai a duba ko murfin fitilar a rufe yake ruf, domin ƙwarin damina na shiga masu ɓaraka su mutu a ciki, su bar baƙaƙen ɗigo a fuskar.

Kafin ka bar shago, a kunna kowace ɗaya a gabanka, a bar guda tana ci kamar minti goma, ka taɓa bayanta. Ƙarfe mai ɗumi alama ce zafin na fita. Roba mai sanyi a baya alhali fuskar na zafi na nufin zafin a ciki yake taruwa. Ka tambayi garanti, a rubuta shi a rasit da adadin watanni, mai shago ya sa kwanan wata da alƙalamin maka a bayan kowace fitila da kowane direba, domin da wannan rubutu ne kaɗai zai yarda kayansa ne idan ka dawo da su.